Shagon Alhajin da nake aika wa su Baba kaya Maraɗi ta hannunsa

Tunda na saka hoton buhun ayar nan da Mama ta aiko min mutane suke ta turo min saƙo, wai ta ina nake aika wa su Baba kaya Nijar, yawanci kuma 'yan cocinmu ne da nasu iyayen ko yayyen ke fagen bishara ta wajen Damagaram da Tawa. To maimakon in yi ta amsa wa mutum ɗai-ɗai bari kawai in rubuta a nan kowa ya gani. Sunan shagon ba zan saka ba, don akwai inda zan yabe shi akwai kuma inda zan faɗi laifinsa, kuma mutumin yana da mutunci a idona. Wanda yake so da gaske ya min magana in masa kwatance. A Fagge dai yake, ba nisa da 'yan canjin Wapa.

Ga waɗanda ba su san mu ba, Baba malamin firamare ne da ya yi ritaya, Mama kuma ungozoma ce ita ma ta aje aiki. Mu duk mun ɗauka hutu ya zo, za su zauna a gida su yi ta fama da jikoki, sai kawai wata Lahadi bayan sujada suka tara mu a falo suka ce sun daɗe suna addu'a a kan abin kuma sun ba da sunansu a hukumar bishara ta ikilisiyarmu. Aka tura su wani ƙauye a jihar Maraɗi. Kuma ba wai baƙon wuri ba ne ga aikin mishan, 'yan ƙungiyar mishan ta SIM sun shiga Nijar tun shekarun 1920, asibitin Galmi da kowa ya sani tun 1950 yake aiki, ga na Danja nan kusa da Maraɗi da ya yi suna wajen kula da masu cutar kuturta. Amma ƙauyen su Baba kam ƙauye ne sosai, ba wuta, ruwa sai an je famfon tuƙa-tuƙa, majami'ar ma ɗaki ɗaya ne na ƙasa da rufin kwano, in an cika ranar Lahadi har da yara bai fi a ƙirga su da ido ba.

To mutum biyu da suka haura sittin, ɗaya da hawan jini ɗaya da ciwon gwiwa, a irin wannan wuri, dole kullum akwai abin da za a aika. Nan ne Alhaji ya shigo.

Shagon nasa in ka wuce ba za ka ce ana wani abu a ciki ba. Ba allo ba komai, kwalaye ne da buhuna jibge har rufi kowanne da suna da lambar waya an rubuta da maka, benci ɗaya, sai shi a kan darduma da wayoyi uku a gabansa, ɗaya layin Nijar. Asalinsa Bamaraɗe ne amma ya fi ni sanin lungunan Kano. Aikinsa na ainihi lodin 'yan kasuwa ne, atamfa da shadda daga Kantin Kwari, kayan masarufi daga Singa, robobi, takalma, irin namu ƙananan saƙonni cikon mota ne kawai. Ku riƙe wannan don shi ne tushen yawancin abin da zan yi ƙorafi a kai.

Yadda abin yake, za ki kai kayanki a buɗe, ba ya karɓar ƙulli a ɗaure ko na waye. Yaronsa zai zazzage komai a gabanki, Alhaji ya duba ɗaya bayan ɗaya, sannan a mayar a naɗe da salatif. Ranar farko abin ya ɗan sosa min rai ganin ana ɗaga har zannuwan Mama, sai ya ce min, Anti ki yi haƙuri, daga nan zuwa Ɗan Issa shinge nawa ne, ga kwastan ga 'yan NDLEA ga sojoji, a tsallaka kuma ga duwan, wato kwastan ɗin Nijar, ga jandarma, in aka samu abu ɗaya a kwalinki motar gaba ɗaya za a tsare da kayan mutane na miliyoyi. Na ga gaskiyarsa. Hanyar ita ce Kano zuwa Katsina, wajen kilomita 170, daga nan Jibiya, a tsallaka Ɗan Issa sai Maraɗi, daga Katsina bai kai kilomita 100 ba. A taswira kusa ne, Abuja ma ta fi nisa, amma tsaye-tsayen hanya da kuma yadda direbobi ba sa yarda dare ya same su tsakanin Katsina da Jibiya saboda 'yan bindiga shi ke sa abin da ya kamata ya zama tafiyar wuni ya koma kwana.

Maganar magani ita ce ta fi muhimmanci a wurina kuma a nan ne na fi jinjina masa. Ba ya ɗaukar magani ko ƙwaya ɗaya sai da takardar likita, kuma a cikin kwalinsa na asali, ba a ɓare a zuba a leda ba. Saboda masifar tramadol ɗin nan da ta sa duk wani kwalin magani a boda abin zargi ne. Ni amlodipine ɗin Baba, maganin hawan jini, nake saya na wata uku-uku, da man shafawar gwiwar Mama, da maganin maleriya in damina ta kusa, in haɗa da hoton takardar asibiti, shi kuma sai ya ba direba a hannu daban ya ce a saka a gaban mota kar a sa a saman lodi rana ta dafa shi. Wannan ba ni na roƙa ba, shi ya yi tunaninsa. Ya taɓa ce wa wata mata a gabana ba zai ɗauki allurar insulin ba sam, don ba shi da yadda zai riƙe mata sanyi a zafin watan Afrilu da ake haura digiri 40, gara ta nemi mai tafiya da kula mai riƙe sanyi. Matar ta yi fushi ta tafi amma ni a raina na ce wannan mutumin kirki ne, wani da karɓar kuɗinsa zai yi ya jefa a buhu. Af, masu tambayar inda nake sayen maganin, tunda aka tashi 'yan magani daga Sabon Gari aka mayar da su Dangwauro kan titin Zariya ni kemis ɗin unguwa mai rajista nake zuwa, ya ɗan fi tsada amma na huta da doguwar tafiya.

Tabarau ɗin Baba ma ta nan ya bi. An masa aikin yanar ido a asibitin ido na ECWA nan Kano kafin su tafi, to gilashin karatun ya faɗi a kan babur ya fashe, kuma Baba in ba gilashi ba karatu, in ba karatu kuwa rabin aikinsa ya tsaya. Don shi aikinsa na yau da kullum ba wa'azi ba ne kamar yadda mutane ke zato. Da sassafe tun kafin ladan ya kira assalatu sun tashi sun yi addu'ar safe su biyu, Mama ta ɗora ruwan koko, in rana ta ɗan ɗaga sai ya fita rumfar zana da ke ƙofar gida inda yake koyar da karatun Hausar boko, manya da yara, da allo ɗaya da alli. Makarantun gwamnati a can da Faransanci aka saba koyarwa, to akwai magidanta da yawa da ba su taɓa shiga aji ba, suna so su iya karanta saƙo a waya da rubuta lissafin awonsu, kuma yawancin ɗaliban nasa Musulmi ne, mai gari ya sani kuma shi ya ba da wurin. Na aika sabon gilashin a cikin gwangwanin madara da auduga, Alhaji ya saka a aljihun direba, ya isa lafiya lau. Alli da littattafan rubutu da biro kuwa kusan duk aike sai na saka.

Mama ita kuma ba asibiti ta buɗe ba, ba ta da izinin wannan a ƙasar mutane kuma ta san haka. Amma mace ta yi shekaru tana karɓar haihuwa ai ba ta ɓuya. Matan ƙauyen suna zuwa da goyo, ta duba ido ta duba harshe, ta koya musu haɗa ruwan gishiri da sukari in yaro na gudawa, ta nuna musu yadda ake ƙara garin ƙuli da zogale a kunun yara, wadda ta ga cikinta da matsala ta matsa wa mijin sai ya sa ta a amalanke an kai ta asibiti. Ranar Talata da yamma zumuntar mata, su kaɗan ne amma da tulunsu da kacau-kacau ɗinsu ana jin su har bakin rijiya. Da rana tsaka kuwa ba mai motsi, kowa yana inuwa, dare kuma a tsakar gida suke kwana cikin gidan sauro don ɗakin kwano ba ya shiguwa sai wajen asuba. Suna da 'yar gonar gero da wake a bayan gida da Baba ya dage sai ya noma da kansa duk da mun hana. Suna, biki, jana'iza, duk suna zuwa, da Babbar Sallah nama har ya musu yawa sai Mama ta soya ta aje, da Kirsimeti ita ma ta dafa shinkafa da kaji a rarraba gida-gida.

Sola ɗin da muka haɗa kuɗi muka saya musu, faranti ɗaya da batir da fanka mai caji, shi ma Alhaji ne ya kai, kuma nan ya nuna ya san aikinsa. Ya sa aka nemo katifar soso tsohuwa aka yanka aka rufe gilashin gaba da baya, aka ɗaure da kwali biyu, ya hana a kwantar, a tsaye aka jingina shi bayan kujerar direba. Ko tsagewa bai yi ba. Yanzu gidan su Baba ya zama wurin cajin waya na rabin unguwa, Mama ta ce wani lokacin sai ta rasa inda za ta saka tata.

To yanzu laifuffukan.

Babu farashi tsayayye. Akwai sikeli a shagon amma ban taɓa ganin an ɗora komai a kai ba, da ido yake yankewa, ya ɗaga kwali ya jijjiga ya faɗi kuɗi. Yau ki kai kwali ya ce kaza, wata mai zuwa ki kai irinsa sak ya ƙara, in kin yi magana ya ce fetur, ko ya ce an ƙara shinge a hanya. Wataƙila gaskiya ne amma mutum yana so ya san abin da zai riƙo kafin ya baro gida. Ana ciniki dai, kar ki ji kunya, yana ragewa. Rasit kuma takardar littafin makaranta ce ake yagowa a rubuta suna da lamba, shi ke nan, ba a rubuta abin da ke ciki ba balle darajarsa. Ni yanzu hoto nake ɗauka na kayan a zazzage da kuma bayan an ɗaure in tura masa ta WhatsApp a gabansa.

Sai jinkiri. In mota ta cika da lodin manyan 'yan kasuwa kwalinki zai iya kwana da kwanaki a shago ba wanda zai kira ya faɗa miki. Lokacin azumi zuwa jajiberin Sallah kam kar ma ki soma, kayan Kwari sun cinye ko'ina. Kayan Kirsimeti ki kai tun farkon Disamba. Kuma motarsa a cikin garin Maraɗi take tsayawa, a shagon ƙaninsa, daga nan zuwa ƙauye sai ranar kasuwa in motar ƙauyen ta shigo, in aka kuskure ranar sai wani mako. Akwai doyar da na aika ta isa rabi ta ruɓe saboda haka. Ɗanyen kaya irin doya da dankalin Turawa sai kin tambaya takamaimai yaushe mota za ta tashi ki kai a daren, in ba haka ba ki haƙura.

Wanda ya fi min ciwo shi ne na manja. Na kai galan na manja na roƙi yaron shagon ya ware shi daban, ya ce min an gama Anti, ashe a buhu ɗaya ya cusa shi da Littafi Mai Tsarki na Hausa guda shida da 'yan zumuntarmu suka saya wa masu koyon karatu, da zannuwan zumunta da aka ɗinka wa matan can. Aka ɗora buhunan wasu a kai, murfin ya buɗe. Mama ta turo min hoto ta kasa ma magana, gefen shafukan duk sun yi ja sun manne, zannuwan kuwa har yau da tabo. Na je shagon rai a ɓace. Alhaji bai yi musu ba, ya kira yaron ya masa faɗa a gabana, ya ce laifinmu ne Anti, a gaya wa Baba Fasto ya yafe mu. Haka yake kiransa, duk da Baba ba fasto ba ne na sha faɗa masa. Ya biya kuɗin littattafan amma na zannuwa ya ce in yi haƙuri, aike na gaba kuma bai karɓi ko sisi ba. Ban ce na gamsu ɗari bisa ɗari ba. Yaron nan dai har yanzu yana nan kuma har yanzu in kina masa bayani idonsa na kan waya, don haka duk abin da ke zuba ki ɗaure bakinsa da leda da roba da kanki tun daga gida, ki tsaya a kansa har a rufe.

Ɓangaren kuɗi kuwa ban taɓa samun matsala ba ko sau ɗaya. Ina tura masa naira ta banki, ya kira ƙaninsa, Baba ko wani ɗan ikilisiya da ya shiga gari ya karɓi sefa a hannu, wani lokacin kafin in kai gida an riga an karɓa. Canjinsa yana ɗan ƙasa da na Wapa kaɗan, wannan ita ce la'adarsa, ni kuma nakan leƙa Wapa in ji farashin ranar kafin in shiga wurinsa don in san inda zan tsaya. Abin da ke ba ni tausayi shi ne yadda fanshon Baba ke narkewa in an juya shi sefa tunda naira ta faɗi a 2023, kuɗin da a da zai yi musu cefanen wata yanzu sai an haɗa da namu. In za ki yi magana da ƙanin a waya ki tabbatar kun fahimci juna a lissafi, su da dala suke ƙirge, dala ɗaya sefa 5, jaka ɗaya sefa 1000, to ki ce ya faɗa miki da jaka kuma ya turo a rubuce.

Lokacin da na san waye Alhaji shi ne bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da aka rufe boda aka yanke wa Nijar wutar da take samu daga Najeriya. Har zuwa Maris 2024 ba mota mai wucewa ta hanya. Mutane da yawa sun koma bin daji da babura, wasu masu aike a tasha suna karɓar kaya suna ninka kuɗi, kaya na ɓata ba mai tambaya. Ni ina da kwali a shagonsa a lokacin, shi da kansa ya kira ni ya ce in zo in ɗauka, ba zai sa maganin tsoho a bayan babur a daji ba, in an kama ko ya faɗi me zai ce min. Ya ce in turo kuɗi kawai, ƙaninsa zai shiga kemis a Maraɗi da hoton kwalin ya saya musu irinsa. Haka aka yi duk tsawon watannin, da tsada sosai don maganin can da sefa ne, amma Baba bai yi fashin shan magani ba. Ƙanin har ƙauyen ya taɓa kai musu da kansa a kan babur da ya ji Mama ba lafiya, ya ƙi karɓar kuɗin mai. Tun da Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025 kuma binciken takardu ya ƙara tsanani ga masu tafiya, shi ya sa ma zuwa da kai ya ragu, aike ya ƙaru. Jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 muna nan muna jira, in ya fara aiki ina ga ni da jikoki za mu fi kowa murna, don yanzu ganin kakanninsu sai ran da suka shiga gari suka samu netwok mai ƙarfin bidiyo, a ƙauye saƙon murya ma sai Baba ya hau tudu bayan makarantar allo.

Shawara ga masu shirin fara aikawa, kar ki ɓata kuɗin mota a kan abin da ke can. Maraɗi garin kasuwanci ne, shinkafa, taliya, sukari, sabulu, magi, madara duk akwai, wasu ma sun fi namu sauƙi. Abin da tsofaffi ke kewa shi ne ɗanɗanon gida da ba a samu a ƙauye, manja mai kyau, garin kwaki, agushi, busasshen kifi, citta ta Kachia, acca in kin samu mai zuwa daga Jos don Mama ta ce tuwon gero kullum ya ishe ta. Batirin tocila, silifas mai taushi saboda gwiwa, man kaɗe da rigar sanyi kafin hunturu don sanyin can da ƙurarsa ya fi na Kano. Kuma ki ce musu su daina jin nauyi su faɗi abin da ya ƙare, namu sai an yi ta tambaya, Baba kullum amsarsa Ubangiji na biyan bukata, sai Mama ta kira ni a ɓoye ta ce takalminsa ya huje.

Dawowa ma yana ɗaukowa, kuma ya fi araha don motocin ba su cika nauyi ba a dawowa. Ta nan ayar ta zo, da cuku, da dabino, da albasar Galmi mai ja ɗin nan da ba ta saurin ruɓa. In kaya sun iso ba kullum suke kira ba, ke za ki yi ta bibiya, kuma ranar Juma'a daga sha biyu zuwa bayan la'asar kar ki je, a rufe yake. Masu Damagaram ku tambaye shi kafin ku ɗauko kaya, shi layin Jibiya yake bi, na Daura da Kongolam wani abokinsa yake haɗa mutane da shi kuma ni ban gwada wancan ba.